Saurin Injin Yaya

Injiniya yana da wani ɗan aibi da bai taɓa yunƙurin rabuwa da shi ba. In ana yi masa bayanin abin da bai gane ba, sai ya riƙa gyaɗa kai a hankali, ya runtse ido ɗaya, kamar wanda ya daɗe da sanin maganar, yana jira ne kawai ya ga ko mai bayanin zai yi tuntuɓe. Da wannan gyaɗa kai ya sami sunan. Injiniya na gaskiya yayansa ne, wanda ya buɗe shagon, ya haɗa injin da hannunsa, ya kuma rubuta manhajar da ke tuƙa shi. Shi ƙanen an ɗauko shi ne ya riƙa share ƙura yana tarbar masu kawo aiki. Amma da yake shi ake fara gani a bakin ƙofa, kuma shi ne mai tumbi da tabarau, sai mutanen layi suka ɗora masa sunan. Bai taɓa gyara wa kowa ba. Yaya ma bai gyara ba, don shi ba ya ɗago kai daga aiki balle ya ji abin da ake kiran wani.

Aikin shagon sassaƙa suna ne a kan faranti na tagulla ko na roba, irin wanda ake mannawa a ƙofar ofis, ko a gindin kofin gasa, ko a jikin bangon gida. Injin tebur ne na ƙarfe, da hannu mai tafiya gaba da baya, hagu da dama, ɗauke da wani ɗan tsinken ƙarfe mai juyawa da suke kira haƙori. A gefensa, ƙarƙashin tsohon tawul, akwai kwamfutar da aka saya fara, ta rine ta koma kalar haƙoran mai yawan shan shayi. Ka rubuta sunan mutum da muƙaminsa, ka danna, haƙori ya sauka yana cin tagulla da kukansa na musamman: zuuu mai tsawo a miƙaƙƙen layi, sai tak-tak-tak a wurin lanƙwasa. Iyakar abin da Injiniya ya iya ke nan, kuma a yi masa adalci, ya iya shi.

Shagon ɗaki ne da aka yanko daga gidan Yaya, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin kwana. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Yaya, ya tafi da hannunsa da ƙafarsa na dama, ya kwashe maganarsa ya bar masa "a'a" da "to" kawai, gadonsa yake jingine da wannan bangon. Da safe in injin ya fara kuka sai ya yunƙura, matarsa ta tayar da shi zaune, ya karɓi shayi da burodi. Ranar hutu kuwa, da injin ke shiru, sai an yi ta lallashi kafin ya buɗe baki. Matar Yaya takan ce ita dai dafawa ce tata, mai ba shi abincin yana can bayan bango.

Kwamfutar ta mutu ne wata safiya, ba ko sallama. Injiniya ya yaye tawul, ya danna maɓalli, fanka ta yi juyi guda ta tsaya, sai wani wari kamar an ƙona gashi. Ya sake dannawa. Ya bubbuga mata gefe, don ya taɓa ganin Yaya ya yi haka. Ya zare filogi, ya hura masa iska, ya mayar. Da iliminsa ya ƙare, ya rungume ta ya kai wa mai gyara a bakin kasuwa.

"Injiniya, kai da kanka?" in ji mai gyaran.

"Aiki ne ya yi mini yawa," in ji Injiniya.

Mai gyara ya kwance murfi, ya haska ciki da wayarsa, ya kaɗa kai kamar likitan da ya buɗe ciki ya ga gara a ɗinke. Ya ce babban allon da ke cikinta ya ƙone, kuma masu ƙera irinsa sun daina tun shi yana firamare. Abu ɗaya ya ceto, ya kwafo manhajar Yaya ya zuba a filas, ɗan abin nan da ake ajiye bayanan kwamfuta a ciki. Ya kuma tono wata tsohuwar kwamfuta, sa'ar marigayiyar, daga ƙarƙashin kantarsa, suka kai shago suka jarraba. Ta yi aiki har azahar, sannan ta bi 'yar'uwarta da irin warin nan.

Da farko Yaya jira ya yi. Da shirun ya yi tsawo sai ya kafe bakinsa ga cokali. Shayi ya huce a kan kujera, a ɗumama, ya sake hucewa. Likita ya zo ya auna, ya ce ciwon bai ƙaru ba, amma in aka ci gaba a haka dole a kai shi asibiti a sa masa roba ta hanci. Matar Yaya ta raka likita ƙofa, ta dawo ta tsaya a bakin shago, hannu a ƙugu.

"To, Injiniya. Sunan nan da ake kiranka da shi kana amsawa, yau ake neman sa."

Ya yi dogon tunani, irin wanda bai saba ba. Washegari da safe ya aro injin huda katako daga wurin kafinta, ya kulle ƙofar shago don kada a gan shi, ya matsa jikin bango ya shiga kwaikwayon kukan injin Yaya. Ya danna ya ja zuuu, ya saki ya yi tak-tak-tak da bakin sukudireba a kan tebur. Ya yi ta yi har rigarsa ta jiƙe, kuma a ransa yana ganin ko shi da kansa zai iya ruɗuwa. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar Yaya ce, tana danne dariya da bakin mayafi.

"Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Albarkacinka yau ya yi magana."

"Me ya ce?"

"Ya ce a'a."

A ranar suka kira 'yar Yaya. Ita ce babba a gidan, tana aiki a wani babban asibiti a wani gari, ita ke kula da kwamfutocinsu. Sunan mahaifiyarsu Injiniya aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata, tun tana rarrafe har yanzu da take da 'ya'ya biyu da gilashin karatu. Ta iso da jaka a kafaɗa, ta shiga wurin mahaifinta ta daɗe, ta fito idanunta sun yi ja, ta wuce shago ko ruwa ba ta sha ba. Ta zaro wata kwamfuta daga jaka, siririya, kaurinta bai kai farantin tagulla biyu ba.

"Baffa, ina filas ɗin?"

Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Bari in faɗa maka matsalar tun yanzu, don kada ka sa rai da yawa. Kowace kwamfuta da ƙwaƙwalwarta, furosesa ake ce mata, ita ke karɓar umarni ta aikata. Tsohuwar da yarenta, wannan sabuwar da nata, ba sa jin juna ko kaɗan. Abin da Baba ya rubuta, da yaren tsohuwar yake. In na ba wannan kai tsaye, kamar ka tsaya a kasuwar wata ƙasa kana ta ba da umarni ne, kowa na kallonka."

Injiniya ya runtse ido ɗaya, ya fara gyaɗa kai.

"Baffa, bar gyaɗa kan nan. A gidan nan aka haife ni, na san shi."

Ya bari. "To, Uwata, ki sake rubutawa da sabon yaren mana."

"Sai in da asalin rubutun Baba. Ina faifan da ya ajiye shi?"

Ya jawo wani kwali daga ƙasan tebur. Faifan suna nan a jere, an rubuta wa kowanne suna da hannun Yaya, amma damina da kyankyasai sun riga su karantawa. Ta ɗaga ɗaya, ya zubo da baƙin gari.

"Shi ke nan," in ji ta. "Abin da ke cikin filas gasasshen burodi ne, ba a mayar da shi gari. Sai dai mu dogara da tafinta."

"Wane tafinta?"

"Yana cikinta. Masu ƙera wannan sun san mutane na da tsofaffin manhajoji da ba za su iya rabuwa da su ba, sai suka rubuta wata manhaja, aikinta kawai ta ji tsohon yare ta faɗa wa sabuwar ƙwaƙwalwa da nata. Kalma na fitowa yana juyawa."

"Kuma ba ya gajiya?"

"Kafin ka ƙifta ido ya juya fiye da duk maganar da ka yi tun ranar da aka haife ka."

"Har da ta mamanki?"

"Har da ita."

"Ina ji," in ji matar Yaya daga tsakar gida.

Uwata ta danna wani abu. Fuskar sabuwar kwamfutar, mai sheƙi kamar ruwa, ta buɗe wata 'yar taga shuɗiya, da manyan baƙaƙe farare masu kaushin gefe: SANNU DA AIKI. SA FARANTI. Injiniya bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba. Wannan gaisuwar Yaya ce, ita ke tarbarsa kowace safiya, har ya daina ganinta kamar yadda mutum ke daina ganin ƙofar ɗakinsa. Ya ɗauka ta ƙone tare da allon. Ga ta nan, a cikin abin da aka ƙera a wata duniya, wasu mutane da ba su taɓa jin labarin Yaya ba suka tanadar mata wanda zai faɗi maganarta. Ya so ya ce wani abu mai nauyi, abin da ya fito shi ne, "Har da kalar."

Sauran aikin bai zo da sauƙi haka ba. Wayar injin tana da wani faffaɗan kai mai tsinke-tsinke, sabuwar kwamfutar kuwa ramukanta ba su fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Uwata ta zo da wani ɗan akwati da ke haɗa su, amma ya ƙi aiki. Ta ce shi ma da 'yar manhajarsa ta tsohon yare, kuma tafinta iyakarsa falo, ba ya shiga inda ake taɓa ƙarfe da wuta. Sai da ta zagaya gari ta samo wani akwatin, wanda masu yin sa suka riga suka koya masa sabon yare. Da ta jona, wata 'yar fitila a jikin injin ta kama. Injiniya ya ɗaure wani ɓataccen faranti a kan tebur, ya rubuta kalmar gwaji, ya yi bisimilla, ya danna.

Abin da ya biyo baya ba kuka ba ne, ƙara ce kamar an taka wutsiyar kyanwa. Hannun injin ya fizga hagu, ya fizga dama, tebur ya yi tsalle. Haƙori ya karye, guntunsa ya wuce ta gefen kunnen Injiniya ya tsaga gilashin agogon bango. Uwata ta finciko waya. Suka tsaya suna kallon juna cikin ƙaurin tagulla. Daga bayan bango, a sarari, aka ce:

"A'a."

"Ai mun ji, Yaya," in ji Injiniya, yana shafa kunne.

Uwata ta jawo kujera, ta gyara gilashi, ta buɗe cikin manhajar. Ba rubutu ba ne da mutum zai karanta, layuka ne na lambobi da baƙaƙe a cakuɗe, suna gangarowa ba iyaka. Ta ce ko da ba a mayar da burodi gari, ana iya gutsura a ga abin da aka sa. Ta wuni tana bi da yatsa. Injiniya ya share garin tagulla, ya sauke agogo, ya kawo mata shayi, ya ɗauke shi ya huce. Da la'asar ta yi, ta cire gilashin ta ajiye.

"Baffa, zo ka gani."

Ya zo ya gani. Bai ga komai ba, kuma wannan karon bai gyaɗa kai ba.

"Babu agogo a cikin manhajar nan. In Baba yana so injin ya jira kafin ya ƙara taki, sai ya ce wa ƙwaƙwalwa, ƙirga daga ɗaya zuwa kaza, in kin gama ki matsa. Tsohuwar tana ƙirgawa ne kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, lokacin da take ɗauka shi ne jiran. Wannan kuwa, kafin a rufe baki ta gama. Ba kuskure ta yi ba. Duk abin da ya ce ta yi, ta yi."

"Watau laifinta ƙoƙari."

"Shi ne. Amma dubi nan." Muryarta ta sauka. "A miƙaƙƙen layi ƙirgar gajera ce. In an doshi kwana sai ya fara tsawaita ta, ba lokaci ɗaya ba, kaɗan-kaɗan, kamar direban da ya san hanya. In an fita kwanar ya sake sakinta. Tagulla da ƙirgarta, roba da tata. Har ya san haƙori na zafi, in aikin ya yi tsawo sai ya ƙara masa numfashi. Duka wannan a cikin abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayarka ba. A wurinmu, mutum biyar za su zauna a kan irin wannan, su yi ta taro." Ta mayar da gilashinta. "Lokacin da ya rubuta, bai kai shekaruna na yanzu ba."

Injiniya ya tuna lokacin. Yaya a kan wannan kujerar da singileti, ya zuba wa injin ido, leɓɓansa na motsi, a gaishe shi ba ya amsawa. Shi a lokacin ya ɗauka fushi Yaya yake yi da shi saboda wani kofi da ya rubuta wa suna a juye, har ya yi kwanaki yana raɓe-raɓe. Ashe ƙirga mutumin yake yi. Yana auna haƙurin ƙarfe da bakinsa, yana zuba shi cikin lambobi, shi kuma yana gefe da tsintsiya yana jin haushin ba a amsa masa sannu ba.

"To yanzu sai mu roƙe ta ta rage sauri?"

"Ba ta iya ba. Sai dai in gina mata tsohuwar a cikinta."

Ya ɗauka wasa take yi. Ta sa ya jawo gawar tsohuwar kwamfutar, ta goge ƙurar da ke kan ƙwaƙwalwarta, wani ɗan baƙin murabba'i kamar biskit, ta kwafi lambar saurin da aka buga a bayanta. Washegari da hantsi ta kira shi. A fuskar sabuwar kwamfutar wata baƙar taga ta buɗe. Lambobi suka fara hawa a kusurwa, a hankali, yadda tsohuwar ke yi kowace safiya yana tsaye yana hamma. Sai rubutun nan da bai taɓa karantawa ba ya gangaro, layi bayan layi. Sannan ta yi ɗan kukan nan, ƙit, da muryar marigayiya sak.

Injiniya ya waiwaya ya dubi gawar a ƙasa, murfinta a buɗe, cikinta baƙi ƙirin. Ya dawo ya dubi tagar.

"Uwata, wannan wace ce?"

"Ita ce. Ko in ce, sabuwar ce take yin kamar ita. Ƙwaƙwalwar ƙarya, allon ƙarya, har jinkirin na ƙarya ne. Manhajar Baba ba ta san an yi rasuwa ba, tana ganin a gida take."

"Ita kuma sabuwar, duk ƙarfin nan nata, ta yarda ta zauna tana tsintar shinkafa?"

"Da ɗan yatsa ɗaya take yi. Sauran jikinta barci yake."

Ya zauna a kan benci. A iya saninsa, abu in ya ƙone ya ƙone. Yau ga abin da ya ƙone yana gaishe shi daga cikin wani, wanin kuma ko a jikinsa.

Suka sa sabon haƙori da wani ɓataccen faranti. Wannan karon Injiniya ya tsaya nesa, ya miƙa hannu ya danna. Haƙori ya sauka a natse. Zuuu. Tak-tak-tak. Baƙaƙen suka fito sumul, ba abin da ya tashi sama. Ya buɗe baki zai yi hamdala, sai bango ya riga shi.

"A'a."

Matar Yaya ta leƙo. "Na kai masa cokali, ya kau da kai."

"Amma ai ya yi daidai," in ji Uwata. Ta dubi baffanta. "Ko bai yi ba?"

Injiniya ya karkata kai. Da farko a kunnensa daidai ne. Amma tun da Yaya ya ce a'a, sai ya fara jin kamar akwai wani abu, kamar tak-tak ɗin na ɗan gaggawa, ko kuwa zuuu ɗin ne ke jan ƙafa. Ya ce, "Akwai ɗan saura."

Uwata ta ce mai yiwuwa ne, don lambar bayan ƙwaƙwalwa kintace ce kawai, kowace tsohuwar kwamfuta da irin tafiyarta. Ta nuna masa wani wuri da ake ƙara saurin ko a rage. Sai dai a ƙara zuwa nawa? Ba wanda ya taɓa auna marigayiyar tana da rai.

"Ku da kuke ta duba ƙarfe," in ji matar Yaya, "ga mai abin can a kwance."

Suka ɗauko shi a kan kujerar roba, Injiniya da kafinta, suka zagayo da shi ta ƙofar gida. Rabon Yaya da shagon tun ranar da ya faɗi. Ya rame har kujerar ta fi shi nauyi. Suka ajiye shi a gaban injin. Ya dubi teburin, ya dubi inda agogo yake da, ya dubi ƙanensa, wanda ya shiga gyara tabarau. Sannan idonsa ya sauka a kan siririyar kwamfutar, da shuɗiyar tagar da ke cewa SANNU DA AIKI. Ya daɗe yana kallo. 'Yarsa ta durƙusa a gefensa ta yi masa bayani a kunne, ba irin bayanin da take yi wa baffanta ba, gajere, da kalmomin da Injiniya bai sani ba. Girar Yaya ta hagu ta ɗaga.

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a gefen tebur. Aka kunna injin. Sai yatsansa ya fara bugun ƙarfen, tak, tak, tak, yana tafiya da nasa lokacin.

"Baffa, ka gani? Yana ba mu saurin."

Injin ya gama layi. "A'a," in ji Yaya. Uwata ta rage lambar, aka sake. A'a. Ta ƙara ragewa. A'a, da ƙarfi. Ta koma sama. Ɓatattun farantai suka ƙare, Injiniya ya shiga juya su ta baya. Tela na kusa ya bar kekensa ya zo bakin ƙofa, mai kanti ya biyo shi, kafinta dama bai tafi ba. Kowa ya kasa kunne tsakanin yatsa da haƙori, kuma Injiniya, da ya fi kowa daɗewa da kukan nan, yana jin su suna matsowa kusa da juna, kamar mai murɗa rediyo yana jin tasha na fitowa daga cikin shuuu. Har ya fara ba da shawara. "Ƙara kaɗan, Uwata. A'a, kin wuce. Dawo rabi." Bai taɓa jin sunansa ya zauna masa haka ba.

Sai a wani gwaji, haƙori ya doshi lanƙwasar wani baƙi, ya rage tafiya kaɗan-kaɗan, yatsan Yaya ya rage tare da shi. Suka shiga kwanar tare, suka fita tare. Injiniya ya kasa bambance wanne ne ƙarfe, wanne ne yatsa. Ya ji kamar ɗakin ya yi faɗi. Ga ƙirgar da wani saurayi mai singileti ya yi da leɓɓansa, tana ratsa tafinta, tana ratsa kwamfutar da ba ta nan, tana fitowa ta bakin haƙori, ga kuma mai ƙirgar a kujerar roba yana karɓar abinsa. Yaya ya lumshe ido. Injin ya ɗaga haƙori ya koma mazauninsa.

"To," in ji Yaya.

Tela ya ce ikon Allah, a hankali, ya koma shagonsa. Injiniya ya ɗauko sabon farantin tagulla na aikin da ya daɗe yana jira, na ƙofar wani shugaban makaranta, ya ɗaure, ya danna. Da aka gama ya hure garin ya miƙa wa Yaya. Yaya ya bi baƙaƙen da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Matar Yaya ta fita ta dawo da shayi da burodi, ta tsoma ta kai masa baki. Ya karɓa. Ya ci a nan cikin ƙurar tagulla, ya cinye, ya dubi kofin yana neman ƙari.

"Ka gani," in ji ta ga Injiniya, tana goge ido da bayan hannu, "ni da na yi ta dafawa ba a ce mini to ba."

Washegari Uwata za ta koma. Ta bar musu kwamfutar, ta nuna masa inda zai danna. Injiniya ya ɗaukar mata jaka zuwa bakin titi, a bayansu injin na kuka, an bar kafinta yana gadi. Tun daren jiya yake shirya jawabi, sai ya fara. Ya ce shi ba mai ilimi ba ne, wannan tsakaninsu ne, amma abin da ya ji da kunnensa ba zai manta ba har ya mutu. Ya ce masu ƙera kwamfuta sun yi abin mamaki, amma duk iliminsu saurin nan ba ya cikin littafinsu, yana cikin yatsan mahaifinta. Ya ce shi kansa ya ji lokacin da lambar ta faɗa gurbinta, ya ji a ƙashinsa.

Uwata tana kallon hanya, tana cizon leɓe.

"Baffa, in faɗa maka wani abu, ba za ka kai gida ba?"

"Faɗi, Uwata."

"Jiya da zan rufe, na ga wani ɗan rubutu a ƙasan wurin da nake canza lambar. Wai duk canjin da aka yi ba ya shiga sai an kashe an sake kunnawa."

"To?"

"Ban kashe ba ko sau ɗaya. Sai na mayar da lambar farko kafin in rufe, don kada a sami matsala."

Mota ta tsaya, ta karɓi jakarta ta shiga. Tun gwajin farko bayan an gina tsohuwar a cikin sabuwar, har na ƙarshe, injin bai canza tafiya ba. Saurin da Yaya ya ce wa a'a daga bayan bango, shi ne ya ce wa to.